Sauti ko Labarin Bugu: Nazari a Kan Ɗaukar Kiɗan Gangunan Lantarki a Cikin Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake shigar da kiɗan gangunan lantarki a cikin manhajar haɗa kiɗa ta kwamfuta, tare da nuna wuraren da hannun makaɗi kan salwanta a kan hanya. Ba mu yi niyyar koyar da sarrafa wata na'ura takamaimai ba, domin kowane kamfani da irin tasa, kuma ba a daɗewa ba a fito da sabuwa ba. Abin da muke so mahalarta wannan taro su lura da shi shi ne, mai ɗaukar irin wannan kiɗa yana da abubuwa biyu mabambanta a gabansa, watau sautin da na'urar ta fitar, da kuma labarin yadda makaɗi ya yi bugun. Wanda ya zaɓa daga cikinsu shi zai yanke abin da za a iya gyarawa daga baya, shi ne kuma zai yanke ko kiɗan da ya isa kunnen jama'a na makaɗin ne ko kuwa na na'ura.

Da yake fannin baƙo ne a harshenmu, mun yi amfani da waɗansu kalmomi na aro, mun kuma ƙirƙiri waɗansu, za mu riƙa bayyana kowace a inda ta fara fitowa. Ma'aunin lokaci da za mu yawaita ambata shi ne milisakan, watau kashi ɗaya daga cikin dubu na daƙiƙa.

2.0 Gangar da Ba Ta da Murya

Jerin gangunan da ake magana a kansa shi ne irin na mawaƙan jaz da rok na Amurka da Turai, wanda mutum ɗaya ke kaɗawa a zaune, da hannu biyu da ƙafa biyu. Akwai babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, da ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta da ake kira sineya, da waɗansu biyu ko uku da ake kira tom, sa'an nan da farantan ƙarfe. Daga cikin farantan akwai guda biyu da ke kife da juna, ana buɗe su ana rufewa da ƙafar hagu, su ne hai-hat. Na lantarkin kwaikwayon wannan jeri ne. An fara sayar da gangar Syndrum a Amurka a 1976, amma wanda ya yi fice shi ne jerin Simmons SDS-V da aka fito da shi a Ingila a 1981, mai fuskoki masu kusurwa shida. Fuskokin nan suna da tauri ƙwarai, har makaɗa suka riƙa kukan ciwon wuyan hannu. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya fito da jerin V-Drums, wanda aka ɗaure fuskokinsa da raga maimakon roba, ta yadda sanda kan yi tsalle a kansu kusan yadda takan yi a kan fata.

Ko roba ce ko raga, fuskar ba ta da wata murya tata. Idan aka kashe wuta aka buge ta, ƙwas kurum za a ji. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan faifai da bai fi kwabo girma ba, ana kiransa fiyezo, wanda ɗabi'arsa ita ce ya fitar da 'yar wutar lantarki duk lokacin da aka matsa shi ko aka girgiza shi. Jak Kuri da ɗan'uwansa Piya Kuri ne suka gano wannan ɗabi'a a Faransa a 1880. Wutar takan bi waya ta tafi wani akwati da makaɗa ke kira ƙwaƙwalwa, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta auna ƙarfin wutar, ta duba ko daga wace fuska ta fito, sa'an nan ta saki sautin da aka ajiye mata domin wannan fuska. Ashe ke nan sautin da ake ji aro ne. Abin da makaɗi ya bayar na kansa shi ne lokaci, da ƙarfi, da wurin da sanda ta sauka.

Tun a nan hasara kan fara, kafin a je ga kwamfuta. Ƙwaƙwalwa tana da wani ƙofa na ƙarfi wanda duk bugun da bai kai shi ba sai ta ɗauka girgiza ce ta watsar. An yi haka ne domin kada bugun babbar ganga ya bi ƙarafan da ke riƙe da jerin ya tayar da tom ɗin da ba a taɓa ba. To, amma idan aka ɗaga ƙofan ya yi yawa, sai ƙananan bugu da gwani kan sassaƙa a tsakanin manya su ɓace, alhali kuwa su ne gishirin kiɗansa. Har wa yau akwai ɗan lokacin da ƙwaƙwalwa kan toshe kunnenta bayan kowane bugu, don kada rawar fuska ta sa a ƙirga bugu ɗaya sau biyu. Idan wannan lokaci ya yi tsawo, makaɗi mai saurin hannu zai yi bugu takwas a rubuta masa shida. Babu wata manhaja da za ta iya dawo da bugun da ƙwaƙwalwa ta ƙi karɓa. Saboda haka a ganinmu aikin farko na mai ɗauka shi ne ya zauna da makaɗin da zai yi kiɗan, shi da kansa, a daidaita waɗannan ma'aunai da nauyin hannunsa. Saitin da kamfani ya sako an yi shi ne domin matsakaicin hannu, kuma gwanaye ba su cika zama matsakaita ba.

3.0 Hanyoyi Biyu na Ɗauka

Hanya ta farko ita ce a ɗauki sautin kansa. Ana jawo waya biyu daga bayan ƙwaƙwalwa, ta dama da ta hagu, a soka su a katin sauti, watau akwatin da ke mayar da sauti ya zama lambobin da kwamfuta ke ganewa. Waɗansu ƙwaƙwale suna iya aika sautin kai tsaye ta wayar USB ba tare da katin ba. Wannan hanya ba ta da wuya, kuma abin da makaɗi ya ji a kunnensa shi ne daidai abin da aka ajiye. Aibinta shi ne galibin ƙananan ƙwaƙwale suna gauraya dukkan gangunan a cikin waya biyun nan. Idan daga baya aka ga farantai sun yi ƙara sun danne muryar mawaƙi, babu yadda za a rage su ba tare da an taɓa sauran ba, kamar dai mai son tsame gishiri daga miyar da ta riga ta dahu. Manyan ƙwaƙwale masu tsada, irin su Roland TD-50 ta 2016, suna iya aika ganguna a layuka dabam-dabam, amma ko a nan muryar kowace ganga ta riga ta zauna, sai dai a yi mata kwalliya. Akwai kuma matsalar gunji, wani ɗan ruri da kan shiga idan kwamfuta da ƙwaƙwalwa da lasifika suna shan wuta ta hanyoyin da ƙasarsu ba ɗaya ba ce. A inda wutar gari ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Turai da Nijeriya da Nijar, gunjin kan fito a wannan mataki. A Amurka kuwa sau 60 ne. Sau da yawa cire cajar kwamfuta a bar ta a kan batir yakan nuna ko daga nan matsalar take.

Hanya ta biyu ita ce a bar sautin, a ɗauki labarin bugun. Harshen da ake rubuta wannan labari da shi shi ne MIDI, wanda Deb Simit na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland suka jagoranci samar da shi. A watan Janairu na 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa fiyanon Prophet-600 da Jupiter-6, na kamfanoni biyu dabam, aka taɓa ɗaya ɗayan ya amsa. An ba mutanen biyu lambar yabo ta Grammy a 2013 saboda wannan aiki. A cikin wayar MIDI babu sauti ko kaɗan. Idan makaɗi ya bugi sineya, abin da ke tafiya saƙo ne mai gaɓa uku: ta farko tana cewa an yi bugu a tasha kaza daga cikin tashoshi 16, ta biyu tana faɗin lambar gangar, ta uku tana faɗin ƙarfin bugun, daga 1 zuwa 127. Manhaja kuma sai ta rubuta lokacin da saƙon ya iso.

Bambancin girman abin da ake ajiyewa ya isa ya nuna bambancin hanyoyin biyu. Sautin dama da hagu, idan an ɗauke shi da ingancin da situdiyo kan yi aiki da shi, yana cin kimanin megabayit 17 a kowane minti, watau waƙar minti biyar ta haura megabayit 80. Labarin bugun wannan waƙa kuwa ba ya kai ko megabayit ɗaya. Amma fa'idar da ta fi wannan ita ce, tun da yake ba a ɗaure labarin da wata murya ba, ana iya miƙa shi ga kowace murya aka ga dama. Tun daga 1999, lokacin da kamfanin Steinberg na Jamus ya faɗaɗa tsarinsa na VST har ya ɗauki kayan kiɗa, ana iya ɗora wa manhaja wata ƙaramar manhaja mai ɗauke da samfuran ganguna na gaske. Irin su EZdrummer, wadda kamfanin Toontrack na Suwidin ya fitar a 2006, an yi su ne ta hanyar kai ganguna babban ɗakin ɗauka, a kewaye su da makirfo, a bugi kowace ganga sau da yawa a kan kowane mataki na ƙarfi, a ajiye. Idan labarin bugu ya iso yana cewa lamba 38 da ƙarfi 90, sai manhajar ta zaɓo ɗaya daga cikin samfuran da suka dace ta saki. Ta haka yaron da ke kiɗa a kan roba a ƙuryar ɗakinsa zai fito da sautin ɗakin da ba zai taɓa iya biyan hayarsa ba.

Sai dai lalle ne ɓangarorin biyu su yarda a kan ma'anar lambobin. A 1991 aka tsara wata taswira ta bai ɗaya da ake kira General MIDI, wadda ta keɓe tasha ta 10 domin ganguna, ta kuma ba kowace lambarta: 36 babbar ganga, 38 sineya, 42 hai-hat a rufe, 46 hai-hat a buɗe, 49 da 51 manyan farantai. Matsalar ita ce gangunan zamani sun fi taswirar bayani. Fuska ɗaya tana iya bambanta tsakiya da baki, faranti ɗaya yana iya bambanta wurare uku, don haka kowane kamfani ya ƙirƙiri lambobinsa na ƙari. Alal misali, Roland yana aika 22 da 26 idan an bugi gefen hai-hat, lambobin da babu su sam a taswirar 1991. Manhajar da ba ta san da haka ba za ta yi shiru a duk inda aka bugi gefen, mai ɗauka ya yi ta zargin waya. Hai-hat ɗin ma dai shi ne mafi wuyar sha'ani a cikin jerin duka, domin tsakanin rufe da buɗe akwai matakai masu yawa, kuma ana aika matsayin ƙafar ne ta wani saƙo dabam mai lamba 4, wanda ke ta gudana muddin ƙafar na motsi. Duk wanda ya matsar da bugun hai-hat a cikin manhaja ya manta da wannan saƙo, zai tarar faranti ya buɗe inda makaɗi ya rufe shi. Haka nan idan makaɗi ya kama faranti da hannu don ya katse ƙararsa, wani saƙo ne na uku ke tafiya, kuma ba kowace manhaja ce ke sauraronsa ba sai an gaya mata.

4.0 Jinkiri

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace ɓata kiɗa, ita ce kuma aka fi jahilta, don haka za mu ɗan dakata a kanta.

Kwamfuta tana riƙe sauti ne a matsayin ƙwayoyi, watau awo na tsayin igiyar sauti da ake yi sau dubbai a kowace daƙiƙa. Faifan CD yana da ƙwaya 44,100 a daƙiƙa, aikin fim da bidiyo kuwa galibi 48,000. Amma kwamfuta ba ta miƙa wa katin sauti ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tara sun cika wani ma'auni tukuna ta juye, kamar yadda mai awo ba ya ƙirga gero da ƙwaya, sai da mudu. Wannan ma'auni shi za mu kira mudu a nan, kuma mai ɗauka ne ke zaɓen girmansa. Lissafin a fili yake. A kan ƙwaya 48,000, mudu mai cin ƙwaya 64 yana cika a milisakan 1.3, mai cin 128 a milisakan 2.7, mai cin 512 a milisakan 10.7, mai cin 1,024 kuwa a milisakan 21.3. Wannan shi ne mafi ƙanƙancin jiran da za a yi, ban da lokacin da ƙwaƙwalwa ta ci wajen auna bugun, da na tafiyar saƙo, da na mayar da lambobi su koma sauti. Idan mudu ya yi girma kwamfuta takan samu sararin numfashi amma sauti ya makara; idan ya yi ƙanƙanta sauti ya zo da wuri amma kwamfuta ta kasa cika shi a kan kari, sai a riƙa jin ƙaf-ƙaf da yankewa.

Domin a gane nauyin waɗannan lambobi, sai mu gwada su da abin da makaɗi ya saba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa a cikin iska, watau mita ɗaya a kusan milisakan 3. Gangar da ke tsakanin gwiwoyin makaɗi ba ta kai mita ɗaya daga kunnensa ba, don haka duk rayuwarsa ya saba jin bugunsa bayan milisakan biyu ko makamancin haka, ga kuma jijjigar da hannunsa ke ji nan take. Jinkirin milisakan 21 daidai yake da a ɗauke gangar a kai ta nisan mita bakwai alhali sandar tana hannunsa. Idan kuma waƙar tana tafiya a kan taki 120 a minti, kowane taki milisakan 500 ne, rubu'insa kuma, wanda shi ne ƙaramin bugun da hai-hat kan yawaita yi, milisakan 125 ne. Ke nan jinkirin ya cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Mai goge ko mai busa yana iya jure wannan, domin sautinsu a hankali yake tashi. Sautin ganga kuwa farat ɗaya yake faɗowa, kunne ba ya kuskure farkonsa.

Abin da ke faruwa ga makaɗi a nan shi ne abin tausayi. Ba zai ce ga jinkiri ba, sai dai ya ce gangar ta yi masa nauyi. Ba tare da ya sani ba sai ya fara gaggauta hannunsa domin sautin ya faɗa daidai da sauran kayan kiɗa. Manhaja kuwa lokacin hannu take rubutawa, saboda haka idan aka zo saurare sai a tarar dukkan bugun ya riga waƙar, a ce makaɗin yana da garaje, alhali laifin na mudu ne.

Maganin yana da fuska biyu. Na farko shi ne a rage jinkirin: a ƙanƙanta mudu lokacin ɗauka, a kashe duk wata kwalliyar sauti mai nauyi, a mayar da su bayan an gama. A kwamfuta mai Windows wajibi ne a yi amfani da direban ASIO, wanda Steinberg ya fito da shi a 1997 domin manhaja ta yi magana da katin sauti kai tsaye ba tare da ta bi ta hannun 'yan tsakiya ba. Kwamfutocin Apple suna da nasu tsarin a ciki. Na biyu, wanda mu muka fi karkata gare shi idan kwamfutar ba mai ƙarfi ba ce, shi ne a kauce wa matsalar ɗungurungum: makaɗi ya saurari sautin ƙwaƙwalwarsa kai tsaye, a haɗa masa da waƙar da yake bi, manhaja kuma ta riƙa rubuta labarin bugun a shiru. Bayan an gama sai a ɗora muryar da ake so. Abin kiyayewa kurum shi ne kada a bar muryoyin biyu su shiga kunnensa tare, domin zai ji kowane bugu ya zama tagwaye. Wannan hanya ma tana da nata cikas, domin makaɗi yana auna ƙarfin hannunsa ne da muryar da yake ji, kuma muryar da za a ɗora daga baya wataƙila ba ta amsa ƙarfi kamar ta farko ba. Bugun da ya fito da laushi a ƙwaƙwalwa yana iya fitowa da tsawa a manhaja. Don haka ya kyautu a gwada muryoyin biyu tun kafin a fara.

Game da wayar da za a bi kuwa, ba abin dogon bayani ba ne. Tsohuwar wayar MIDI mai haƙora biyar tana ɗaukar ɗigo 31,250 a daƙiƙa, saƙon bugu ɗaya yana cin kusan milisakan ɗaya, kuma saƙonni a jere suke tafiya. Idan an bugi ganguna uku tare, ta ukun za ta iso bayan ta farko da abin da bai wuce milisakan biyu ba. Wayar USB, wadda aka tsara mata ƙa'idar ɗaukar MIDI a 1999, ta fi sauri. Ko wace aka bi, wannan ɗan bambanci bai kai na mudu ba.

5.0 Gyaran Bayan Ɗauka

Da zarar labarin bugu ya shiga manhaja, ko Cubase ce, ko FL Studio, ko Ableton Live, ko Reaper, sai ya bayyana a allo kamar ɗige-ɗige a kan takarda mai layuka. Ana iya goge bugun da aka yi bisa kuskure, a ƙara wanda aka manta, a sauya saurin waƙar duka ba tare da muryar ganga ta lalace ba. Wannan ni'ima ce babba. Amma a nan ne kuma aka fi yi wa makaɗi ɓarna, da hannun mai gyara.

Akwai wani umurni a kowace manhaja da ke jan kowane bugu ya ɗora shi daidai a kan layin da ya fi kusa da shi. Asalinsa daga na'urorin kiɗa masu kaɗa kansu ne, irin LM-1 da Roja Lin ya fitar a Amurka a 1980, kuma shi kansa Lin ya ga cewa daidaito tsantsa yana kashe kiɗa, shi ya sa ya sanya wa na'urar tasa hanyar jinkirta kowane bugu na biyu kaɗan. Gwanin makaɗi ba ya faɗawa a kan layi kullum. Yakan ja sineya baya da 'yan milisakan don kiɗan ya yi nauyi, ko ya tura hai-hat gaba don ya yi zafi, kuma wannan saɓani na ganganci shi ne abin da ake gane shi da shi. Idan aka danna umurnin nan ɗari bisa ɗari, aka kuma daidaita ƙarfin bugun duka ya zama ɗaya, to an biya makaɗi ladan zama ne kurum, domin abin da ya rage ana iya zana shi da linzamin kwamfuta ba tare da an kira kowa ba. Manhajoji suna ba da damar a ja bugu rabin hanya ko sulusi, ko a zaɓi gaɓar da ta karkace kaɗai a gyara. A ra'ayinmu nan ya kamata gyara ya tsaya, kuma a yi shi makaɗin yana zaune.

Game da matakan ƙarfi 127, an daɗe ana kukan sun yi kaɗan. Tsarin MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 ya faɗaɗa su zuwa 65,536. Sai dai mu muna ganin ba ƙarancin matakai ne ya fi cutar da kiɗa ba, rashin amfani da waɗanda ake da su ne. Idan ƙwaƙwalwa ba ta daidaitu da hannun makaɗi ba, za a buɗe labarin a tarar rabin bugunsa ya tsaya a 127, watau ya bugi rufi, bambancin da ke tsakanin mai ƙarfi da mafi ƙarfi ya shafe.

Akwai kuma batun ajiya. Labarin bugu yana daɗewa, domin fayil ɗin MIDI da aka rubuta a kwamfutar Atari ST a ƙarshen shekarun 1980 yana buɗuwa a manhajojin yau. Amma muryar da aka ɗora masa tana rataye ne da manhajar wani kamfani, wadda ana iya daina sayar da ita ko ta ƙi aiki a sabuwar kwamfuta. Saboda haka abin da ya fi shi ne a ɗauki duka biyu a lokaci guda, labarin a layi ɗaya, sautin ƙwaƙwalwa a wani, sa'an nan idan an gama aiki a juye muryar ƙarshe ta kowace ganga ta zama sauti a ajiye tare da su.

6.0 Abin da Babu a Taswira

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce ga situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos. Tun daga shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa suka ginu a kan fiyanon Yamaha, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kansa, kuma gangar da ake ji a cikinsu galibi daga cikin fiyanon take fitowa, ko dai daga kiɗan da aka riga aka shirya masa, ko kuma a buga ta da yatsu a kan maɓallai. Saƙon da maɓallin fiyano ke aikawa iri ɗaya ne da wanda fuskar ganga ke aikawa. Don haka duk abin da muka faɗa a kan lambobi da mudu da jan bugu zuwa layi ya shafe su.

Idan muka koma ga taswirar 1991, za mu ga tana da muryoyi 47, daga lamba 35 zuwa 81. Ban da jerin jaz da rok, mafi yawan sauran na Latin Amurka ne, kamar bongo da konga. A lamba 67 da 68 akwai agogo, ƙararrawar ƙarfe wadda sunanta na Yarbanci ne, amma ta Barazil ta bi ta shiga taswirar. Babu kalangu a ciki, babu kotso. Kuma ba a ce don an manta da su ne kaɗai ba. Ginin saƙon ne bai yi daidai da su ba. Saƙon bugu yana ɗauka cewa da zarar sanda ta sauka magana ta ƙare, sai dai a jira sauti ya mutu. Mai kalangu kuwa bayan ya buga ne yake matsa tsarkiya da hammatarsa ko ya sassauta, muryar ta hau ko ta sauka, kuma da wannan hawa da sauka ne yake bin karin sautin Hausa har mai sauraro ya gane taken wane ake yi. A ɗauki lokaci da ƙarfin bugun mai kalangu a bar matsin hammatarsa, daidai yake da a rubuta baƙaƙen kalma a bar wasulanta.

MIDI yana da saƙon lanƙwasa murya mai matakai 16,384, wanda a ƙa'ida zai iya ɗaukar wannan hawa da sauka. Amma a tsohon tsari saƙon yana lanƙwasa duk abin da ke cikin tasha ɗaya ne gaba ɗaya, don haka sai an ware wa kalangun tasharsa dabam da ta 10, kuma fuskar ganga irin ta jerin da muka bayyana ba ta aika shi. Akwai gangunan hannu na lantarki da ke jin matsi, kamar Wavedrum na kamfanin Korg na 1994 da HandSonic na Roland na 2000, sai dai matsin tafin hannu suke ji a kan fuskar da ake bugawa, ba na hammata ba, watau sai makaɗi ya sake koyon wani hannu dabam. Situdiyon da ke son gangunan lantarki da kalangu a waƙa ɗaya, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ɗauki na farko ta MIDI, ya kafa wa na biyu makirfo a layinsa, sa'an nan ya guji jan gangunan lantarkin zuwa layi bayan mai kalangu ya riga ya bi su ya yi nasa kiɗan.